An ɗaga ranar aure, Goggo ta iso mako guda kafin biki

 Anti, ni ce sakatariyar ƙungiyar zumunta ta danginmu. Muna da 'yan uwa a Kano, Damagaram, Kumasi, Jidda, har da Landan. Duk wata sanarwa ta biki, suna ko taron wata-wata, ni ke rubutawa in tura guruf ɗinmu na WhatsApp. Watan jiya aka ɗaga ɗaurin auren ƙanwata da mako guda saboda waliyyinta ya kwanta asibiti. Na sanar, amma ashe tsohon katin ya riga ya zaga ko'ina. Goggonmu ta taso tun daga Damagaram da kayan gudummawarta, ta tarar ko rumfa ba a kafa ba. Yanzu da ƙyar take amsa gaisuwata, ana ta cewa sakacina ne. Ji nake kamar in ajiye aikin. Ina mafita?

Sakatariya, daga Kano

 'Yata, kada ki ajiye aikin. Amma kafin mu taɓa maganar waya, ki fara da Goggo. Dattijuwa ta ɗauro kaya, ta biya kuɗin mota, ta tsallako iyaka, ta zo ta tarar da gida shiru. Tana da gaskiyar jin haushi. Ki same ta, ko ki kira ta da bakinki, ki ba ta haƙuri, kuma kada kalmar "ai na tura a guruf" ta fito daga bakinki. Zumunta a ƙafa take. Mai shekarunta ba a guruf ya kamata ta ji an ɗaga auren 'yarta ba, ko da a ce tana karanta saƙonnin.

To, ga abin da ya ci ki. Katin gayyata hoto ne. Da zarar ya fita daga hannunki, wannan ta tura wa waccan, waccan ta ɗora a status, kowane kwafi ya zama mai zaman kansa. WhatsApp yana barin ki gyara rubutu ne cikin minti 15 kacal da turawa, kuma gyaran ba ya bin wanda aka riga aka tura gaba. Sanarwarki ta biyu kuwa ta nutse a ƙarƙashin barka da Juma'a da hotunan anko.

Abin da kuke buƙata shi ne wuri ɗaya tak da ake rubuta ranaku, wanda in aka gyara a can, gyaran zai isa wayar kowa. Ki buɗe sabuwar kalanda a Google Calendar, dabam da taki ta kanki, ki sa mata sunan ƙungiyar. Ya fi sauƙi a yi wannan a kwamfuta. Kowane taro ki shigar da rana, sa'a, wuri, da wanda za a tuntuɓa. Sannan ki gayyaci 'yan uwa ta adireshinsu na imel, ko ki ba su mahaɗin kalandar. Ba sai kowa na riƙe da waya iri ɗaya ba: tun 1998 aka yi wani tsari na bai-ɗaya mai suna iCalendar, shi ya sa kalandar Google da ta Apple da ta Outlook suke fahimtar juna.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, don haka ki natsu. Hanya biyu ce. Ta farko, ki tura wa mutum ɗan fayil ɗin taro, mai ƙarewa da .ics, ya danna, taron ya shiga kalandarsa. Wannan ba shi da bambanci da katin da ya jawo miki magana, domin kwafi ne, in kin canza rana nasa yana nan yadda yake. Ta biyu, mutum ya yi rajista da kalandar baki ɗaya ta mahaɗin nan, wayarsa ta riƙa leƙawa lokaci-lokaci tana ɗauko abin da ya canza, kamar mai bi ta ƙofar masallaci yana duba allon sanarwa. Ta biyun nake so ku bi. Sai dai leƙawar ba nan take ba ce, wani lokaci takan ɗauki sa'o'i, har yini guda. Saboda haka canjin gaggawa, balle sanarwar jana'iza, kira ake yi.

Kada ki bar kalandar a buɗe ga duk duniya. Adireshin gida da ranar da kowa zai tafi wurin kamu ba labarin da za a bai wa baƙo ba ne. Ikon gyara kuma ki tsaida shi a hannun mutum biyu, ke da wata mai amana. A ƙasan duk katin da za ku buga nan gaba, a rubuta cewa a tabbatar da rana a kalandar dangi kafin a taso. Su Goggo kuwa, ki raba sunayensu ga matasan gidan, kowa da dattijon da alhakin sanar da shi ke wuyansa.

Anti, ina gaisuwa. Ina zaune a Kumasi, ina bin karatun wani malami na Kano ta waya. A ce ƙarfe 8 na daren Lahadi, in shiga in tarar ana shafa fatiha, wani lokacin ma a ce jiya aka yi. Kunya ta hana ni tambaya.

Ɗalibi, daga Kumasi

Ɗana, babu abin kunya a nan, agogo ne bai zo ɗaya ba. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi suna gaban Ghana da awa ɗaya. Ƙarfe 8 a Kano, 7 ne a wurinka, 9 a Khartum, 10 a Jidda. Na Landan ya fi rikitarwa, domin daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonsu ɗaya da na Kano, sauran watannin suna baya da awa guda. Idan mai sanarwa ya shigar da karatun a kalandar waya da lokacin Najeriya, ita da kanta za ta juya shi zuwa agogon Kumasi, muddin saitin wayarka daidai yake.

Batun "jiya aka yi" kuma, a lissafin Musulunci dare ke riga yini, rana tana shiga ne da faɗuwar rana. Malaminku in ya ce daren Lahadi, mai yiwuwa bayan magaribar Asabar yake nufi, kai kuma kana jiran Lahadi da dare. Haka in an ba da kwanan wata na Hijira: abin da waya ke nunawa lissafi ne, a Najeriya kuwa sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ake bi bayan ganin wata, kuma akan sami saɓanin kwana ɗaya tsakaninsu.

Ka rubuta wa mai kula da guruf ɗin, cikin ladabi, ka roƙe shi ya riƙa sa sunan rana, kwanan watan Hijira da na Miladiyya, sa'a, da kalmar "agogon Najeriya". Ka faɗa masa daga Kumasi kake bin karatun, don ya san akwai masu saurare a wajen ƙasar. Allah Ya ba da ilimi mai amfani.