Ƙarƙashin Leda Akwai Katako, Ƙarƙashin Katako Akwai Takarda

Wanda ya tashi a Ikara ko Makarfi ko Hunƙuyi bai taɓa jin tsoron ƙasan ɗakinsu ba. Iyayenmu mata sun yi daɓe da jar ƙasa da tsakuwa, suka taru da madaɓai suna duka suna yayyafa ruwan makuba har ya yi sulɓi, ya yi ƙarfin da za a shekara da shekaru ana shara a kansa. Da siminti ya zo aka shafe, da tayil ya zo aka manna, amarya kuma ta shimfiɗa ledarta a bisa. Duk halinsu ɗaya ne, domin a ƙarƙashinsu ƙasa ce, ƙasa kuwa tana shan ruwa, abin da ta rage rana ta busar. Shi ya sa hannunmu ya saba da kwara bokiti a bi da tsintsiya zuwa rariya, ya saba da buta a bakin ƙofa. Wannan sabon ne yake cinye wa 'yan'uwanmu kuɗi da mutunci a Ingila. Ko kai ɗalibi ne da ya fito daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko ke ma'aikaciyar lafiya ce da ta yi karatu a kwalejin Shehu Idris ta Makarfi, idan kafet ɗin da kuka tarar ya dame ku kuna son sauya shi, ku sani a can ba da ido ake zaɓen shimfiɗar ƙasa ba. Ana duba ruwa, sannan a duba takarda.

A fara da abin da ke ƙarƙashin ƙafa. A galibin gidajen Ingila, ƙasan ɗakin bene falankan katako ne da aka jera a kan azara ta katako, daga ƙarƙashinsu kuma silin ɗakin da ke ƙasa ne, wanda allon farar ƙasa ne mai laushi. Banɗakinsu ba shi da rariya a ƙasa. An yi shi ne a kan cewa duk ruwa zai tsaya cikin bahon wanka ko wurin wanke hannu. Idan mutum ya tsuguna a gefe ya yi alwala da buta sau biyar a yini, ruwan ba shi da hanyar fita sai ta gefen bango da gindin masai, ya sauka cikin katako a hankali, ba wanda ya gani sai ranar da tabo ya bayyana a silin na ƙasa. Abin ya fi muni a karafan, wato gidan nan mai taya da mota ke ja ko ake girkewa a fili, wanda tsadar haya take tura wasu baƙi su zauna a ciki. Ƙasan na ja siraran falanki biyu ne da soso a tsakani an haɗa da gam, na girke kuwa sau da yawa garin katako ne da aka matse. Ruwa yana shiga, gam ya saki, ka taka ka ji wurin yana lotsawa kamar katifa. Wanda ya ji wannan lotsawar ya sayo sabuwar shimfiɗa ya rufe, ya ɗaure miki ne da ruɓa a ciki. Sai an gano inda ruwan ke shigowa, ko taga ko rufi ko bututu, an toshe, an yanke ruɓaɓɓen falankin an sa sabo, kafin a yi maganar abin da za a ɗora.

Idan an zo zaɓe, ina tare da leda, ledar nan dai ta ɗakin amarya, sai dai mai kauri da ake yankowa daga nadi. Ana sayar da ita da faɗin mita 2 ko 3 ko 4, karafan ɗin da ake ja a titin Ingila kuwa doka ba ta bari faɗinsa ya wuce mita 2.55, saboda haka falle ɗaya zai rufe shi ba tare da haɗi ba, kuma haɗi shi ne ƙofar ruwa. A bi gefenta da silikon a banɗaki da wurin girki, shi ke nan. Na san abin da za a ce: leda kayan ƙauye ce, mutum bai tsallaka teku don ya koma kanta ba, ga laminet nan mai kama da katakon gaske, hoto yana kyau a kansa. To cikin laminet ɗin nan garin katako ne matsattse, an liƙa masa hoton itace a sama. Ruwa ya shiga tsakanin falle da falle, bakinsa ya kumbura ya tashi, kuma ko ya bushe ba ya komawa. Gidan da ake alwala da wankin yara da goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma kullum ba gidansa ba ne. Tayil kuma, wanda a gida shi ne alamar an samu, a karafan nauyi ne na banza, domin kowanne yana da iyakar nauyin da aka rubuta masa, ga shi ƙasansa yana motsi a kan hanya, tayil kuwa ba ya lanƙwasa sai dai ya tsage. Akwai leda mai tauri da ake harɗawa falle-falle, tana jure ruwa, amma zafi yana buɗa ta sanyi ya tsuke ta, karafan kuma da rani tanda ce, da hunturu randa. Wanda ya nace sai ita, ya bar ɗan tazara a jikin bango.

Hujjar masu kafet ta fi ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Mu mutanen ƙasa ne: a nan muke sallah, a nan muke ɗora kwanon tuwo, a nan yara ke rarrafe, sanyin Janairu a Bradford ko Leeds kuwa ya wuce na hunturun Kudan nesa ba kusa ba. Amma ku dubi abin da kafet mai ƙusa yake yi wa mai kiyaye tsarki. Yaro ya yi fitsari a kai, ba dama a ɗaga a wanke a shanya, in kuma aka kwara ruwa an jiƙa soson ƙasa da katako. Manja ya ɗiga, lalle ya zube, garwashin turaren wuta ya faɗo daga kasko ya huda rami baƙi kamar ƙwandala, dutsen guga ya bar hotonsa saboda an saba guga a ƙasa. Ɗumin da ake nema ana samunsa da babbar darduma a kan leda, wadda taka ce, ka naɗe ta ka wanke, ran tashi ka tafi da abarka.

Duk wannan magana ce ga wanda gidan ko karafan ɗin nasa ne. Mafi yawan baƙi 'yan haya ne, kuma a nan ramin yake. A gida ɗan haya yakan shafe ɗaki ya sa tayil da kuɗinsa, mai gida ya yi godiya, wani lokaci ma a cire a kuɗin haya da baki kawai. A Ingila wanda ya ɓalle kafet ba da izini a rubuce ba ya yi ɓarna a idon yarjejeniya, ko da abin da ya sa ya fi na da tsada. A gidajen bene ma sau da yawa sharaɗin ginin ne ya wajabta kafet saboda ƙarar takun ƙafa a kan na ƙasa, har shi mai gidan ba shi da ikon ba ka izini. In tsohon gini ne akwai wani haɗarin: tsofaffin tayil na roba da baƙin gam ɗinsu suna iya ƙunsar asbestos, wanda ba a haramta shi gaba ɗaya a Birtaniya ba sai 1999, kuma ƙurarsa tana jawo cutar daji a huhu bayan shekaru. Ba abin kankarewa da wuƙa ba ne ranar hutu.

Takardar da ta fi cin mutanenmu ita ce wadda suke kira infentori, wato bayanin halin da kowane abu yake ciki ranar da ka shiga. Ana miƙa ta ne a ranar gajiya, ga akwatuna a ƙofa, ga yara na kuka, ga ejan, wato dillalin gidan, yana duba agogo. Kunya ta hana mutum ya ce a dakata ya karanta, yana ganin hakan tuhuma ce ga wanda ya ba shi wuri, sai ya sa hannu a ƙarƙashin layin da ya ce kafet lafiya lau, alhali akwai tsohuwar ƙuna a bayan ƙofa da tabo a gindin gado. Daga wannan sa hannun tabon ya zama nasa. Kuɗin da za a iya asara kuwa ba kaɗan ba ne. Dokar 2019 ta ƙayyade kuɗin ajiya a hayar mako biyar ga gidan da hayarsa ba ta kai fam 50,000 a shekara ba, wato mai biyan fam 900 a wata zai iya ajiye kusan fam 1,038, kuma kowa ya san buhun masara nawa wannan zai saya a Makarfi. Abin takaicin shi ne doka ta tsaya wa ɗan haya fiye da yadda yake zato. Tun Afrilun 2007 wajibi ne mai gida ya sanya kuɗin a ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su, Deposit Protection Service da MyDeposits da Tenancy Deposit Scheme, a yanzu cikin kwana 30, ya kuma ba ka bayanin inda suke. In bai yi ba, kotu na iya sa shi biyan ka ninki ɗaya zuwa uku. In an yi saɓani ran fita, hukumar tana da mai raba gardama kyauta, kuma kuɗin naka ne har sai mai gida ya kawo hujja. Ba a cajin ɗan haya kuɗin tsufan da zama na yau da kullum ke jawowa, ba a kuma yarda mai gida ya sami sabo a madadin tsoho da aljihunka. A ɗauka kafet na fam 500 ne, an ƙiyasta zai yi shekara biyar, ya riga ya yi huɗu lokacin da ka ƙona shi: abin da ke kanka kusan fam 100 ne. Amma mai raba gardamar ba ya zuwa gidan, ba ya ganin fuskarka, ba ya jin rantsuwarka. Takarda da hoto kaɗai yake karantawa. Saboda haka ran shiga, kafin a shigo da akwati, ka durƙusa ka ɗauki hoton kowace kusurwa, ka ja gado ka duba, ka taka gindin masai ka ji ko yana lotsawa, ka rubuta duk abin da ka gani a jikin takardar, ka aika wa ejan ta imel a ranar. Wanda kuma ya kama ɗaki a gidan da mai gidan yake zaune a ciki, ya sani wannan kariyar ba ta hau kansa ba, don haka shi ya fi kowa buƙatar rasit da hoto.

Wani zai ce ina ɗora wa baƙo laifin rubabbun gidajen Turawa, ina ba masu raina mu makami. Wannan tsoron yana da tushe. A Disambar 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a Rochdale. Binciken da aka kammala a Nuwambar 2022 ya tabbatar da cewa daɗewa cikin funfunar da ta cinye bangon gidansu ce ta kashe shi. Mahaifinsa ya yi ta kai ƙara, masu gidan suka jingina matsalar ga yanayin rayuwar iyalin, har suka ɗauka wai wankan ibada da bokiti ne sanadi, ba tare da sun tambaye su ba. Daga baya aka yi doka da sunan yaron. Wannan labarin ne ma ya sa nake matsawa. Gyaran rufi da bututu da jikin gini haƙƙin mai gida ne a dokar 1985, amma zargin buta yana nan a shirye a bakin duk wanda ke son guje wa gyara. Wanda ya kiyaye ruwansa, yake alwala ƙafafunsa cikin baho, ya ajiye tawul a ƙasa, yake buɗe taga bayan wanka, kuma yake da imel mai kwanan wata da ya nuna ya ba da labarin yoyo tun ranar da ya gan shi, ya toshe wannan bakin. Babu wanda ya ce ka rage alwala ko ka ɓoye buta idan baƙo ya shigo.

Akwai kuma halin da bai kamace mu ba. Jawo kujera a rufe ƙuna ranar duba gida, ko rantsuwa da Allah a kan tabon da ka san ɗanka ne ya yi, cin amana ne, kuma kasancewar mai gidan ba Musulmi ba ne bai halatta shi ba. Gidan haya aro ne. In ka ɓata, ka faɗa tun da wuri, ka nemi a lissafa maka rabonka na gaskiya, ka biya. In ruwanka ya sauka wa na ƙasa, ka sauka da ƙafarka ka ƙwanƙwasa ƙofa kafin shi ya hau. Ejan ɗin da ka yi wa wayo ba zai manta da sunanka ba, kuma sunan Musa ko Hadiza da zai gani a takardar neman haya wata mai zuwa na ɗan'uwanka ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Haka nan ban ga dalilin da zai sa magidanci ya tsaya yana lanƙwasa murya yana roƙon ejan ya taimaka ya dawo masa da kuɗin da doka ta ce nasa ne ba. A rubuta a natse, a kawo hoto, in ya ƙi a kai gaba.

Mai niyyar sayen karafan ya zauna, kafin ya auna leda ya tambayi lasisin filin da yake girke. Ƙaramar hukuma ce ke bayar da shi, kuma filin da aka ba lasisin hutu ba a yarda a mai da shi mazauni na dindindin ba, kariyar dokar 1983 ta masu irin waɗannan gidaje ma ba ta kai can. Mutum zai iya kashe kuɗi ya gyara ƙasa tsaf, a wayi gari a ce ya tashi.

Ranar fita daga gidan haya, bayan an kwashe kaya an share, ka ɗauko hotunan ranar shiga, ka tsaya a inda ka tsaya a wancan lokacin, ka sake ɗaukar kowace kusurwa. Ka nemi a duba gidan kana tsaye, ka karanta abin da aka rubuta kafin ka sa hannu, sannan ka miƙa makulli. Idan kun daidaita a kan adadin, kwana 10 doka ta bayar a dawo maka da kuɗinka.