Darasi: Gubar Dalma da Hakkin Yaranmu

Darasinmu na wannan wata yana kan abin da ya auku a Zamfara a shekarar 2010. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma.

Duwatsun da ake haƙowa domin neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa. Aka riƙa kawo su cikin gida, ana daka su a turmi, ana niƙa su a injin niƙan hatsi. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Dalma takan kama ƙwaƙwalwar yaro, ta kawo jijjiga, ko makanta, ko mutuwa. Likitocin MSF sun yi jinyar dubbai, amma sai a 2013 aka kankare gurɓatacciyar ƙasar Bagega.

Zinariyar ta tafi kasuwannin nesa, gubar kuwa ta zauna a gidan matalauci. Irin wannan rashin adalci ne Paparoma Francis ya tsawatar a kai cikin wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015.

Mu mutanen Matsinkai da kewayen Bagudo, samarinmu sukan fita neman kuɗi, ga kuma haƙar zinariya a ƙasar Yawuri. Saboda haka kada dutsen ma'adinai ya shigo gida. Mai haƙa ya yi wanka, ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Ubangiji ya kiyaye 'ya'yanmu. Amin.