Yaya MRI ke ganin can cikin ƙwaƙwalwa?

TAMBAYA: Mahaifina na fama da cutar Fakinsin, hannunsa ba ya daina karkarwa. Na ji ana cewa likitoci na zana taswirar cikin ƙwaƙwalwa da na'urar MRI. Ta yaya ake ganin wurin ba a buɗe ƙoƙon kai ba? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Allah Ya ba Baba lafiya. MRI ba ta amfani da hasken eksire. Ƙaton maganaɗisu ne da igiyar rediyo. Suna motsa ƙwayoyin haidirojin da ke cikin ruwan jiki, su kuma su mayar da sigina, kwamfuta ta juya shi hoto, yanki-yanki kamar ana yanka albasa.

Wahalar tana ga ƙanƙantar wuraren da ake son gani. Akwai wani curi a tsakiyar ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira STN, girmansa kamar ƙwayar wake. A 1993, tawagar Farfesa Alim-Louis Benabid a Grenoble ta Faransa ta fara dasa siririyar waya a cikinsa, mai aika ɗan lantarki don sassauta alamomin cutar. Idan wayar ta kauce da milimita biyu kacal, amfanin zai ragu, magana ma tana iya sarƙewa. A da, likitoci sun dogara da littafin taswira na Schaltenbrand da Wahren na 1977, wanda aka haɗa daga ƙwaƙwalen mamata. To amma ƙwaƙwalwa kamar fuska ce, kowa da tasa, shi ya sa nake ganin hoton mara lafiyan kansa ya fi kowane littafi. Abin da ke taimakawa shi ne sinadarin ƙarfe da ke taruwa a curin, wanda ke sa ya fito baƙi a hoto.

Ƙarfin maganaɗisun na'urorin asibiti yawanci Tesla 1.5 ne ko 3. Masu bincike na aiki da 7, kuma a 2024 cibiyar NeuroSpin kusa da Paris ta fitar da hotunan ƙwaƙwalwar mutum da na'ura mai Tesla 11.7.

Sai dai, ɗan'uwa, hoto shi kaɗai ba ya tabbatar da Fakinsin. Likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke gane ta bayan ya duba tafiyar Baba da motsin hannunsa. In an tura ku ɗaukar hoton, ku faɗa musu tun kafin a shiga ko akwai wani ƙarfe ko batirin zuciya a jikinsa.