Dalilan Faɗuwar Farashin Farantin Sola

Fiye da kashi 90 cikin ɗari na farantan sola da ake sayarwa a duniya da silikon ake ƙera su, watau sinadarin da ake tacewa daga farin dutse. Abubuwa biyu ne suka karya farashinsu: ƙarin ƙarfin ƙwayar da ke mayar da hasken rana lantarki, da kuma rage asara wajen ƙira.

A shekarar 1954 masana a ɗakin binciken Bell da ke Amurka suka ƙera ƙwayar da ke mayar da kimanin kashi 6 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta lantarki. A 1983 Farfesa Martin Green na Jami'ar New South Wales a Ostareliya ya fito da dabarar da ake kira PERC, inda ake shimfiɗa wani siririn rufi a bayan ƙwayar domin ya komo da hasken da zai wuce a banza. A 2022 kuwa kamfanin LONGi na ƙasar Sin ya kai kashi 26.81.

Ta fuskar ƙira, ana narka silikon a zafin da ya haura digiri 1,400, a jawo shi ya daskare kamar gungume, sa'an nan a yanka shi falle-falle. Da masana'antu suka koma yanka da waya mai ɗauke da garin lu'ulu'u, ɓarnar ta ragu ƙwarai, kaurin kowane falle kuma ya sauko zuwa wajen maikiron 150. Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa sama da kashi 80 na wannan aiki a Sin ake yin sa.

Ga abin da ya shafi ɗan kasuwa. A ƙarƙashin cikakkiyar rana, murabba'in mita ɗaya na faranti mai ƙarfin kashi 20 yakan ba da wat 200, mai kashi 23 kuwa wat 230, alhali gilashi da firam da kuɗin dako kusan ɗaya ne. Saboda haka a kan wat ake auna tsada, ba a kan girman faranti ba. Haka kuma, samfurin TOPCon ya sha gaban PERC a kasuwa a 2024, don haka duk wanda ya tara tsohon samfuri a sito yana jiran farashi ya tashi, jarinsa yake ci.

Sai dai silikon shi kaɗai ba zai wuce kimanin kashi 29 ba. Shi ya sa masana suka karkata ga ɗora masa wani sinadari mai suna ferobiskait, haɗin da ya kai kashi 33.9 a ɗakin gwaji a 2023. Kafin a tabbatar da ƙarkonsa, silikon ne zai ci gaba da riƙe kasuwa.