Me Ya Sa Giyar Barolo Take Daɗewa Kafin A Sayar Da Ita?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya ce ya ji wata jar giya ta Italiya, Barolo, tana da tsada, yana son sanin asalinta da dalilin ajiye ta shekaru.

To malam, ana yin ta ne a tuddan Langhe, kusa da garin Alba a yankin Piyamonte, arewa maso yammacin Italiya. Inabi iri ɗaya tak doka ta yarda a yi ta da shi, wato Nebbiolo. Da yawa na ganin sunan ya samo asali ne daga kalmarsu ta hazo, domin inabin ba ya nuna sai cikin Oktoba, lokacin da hazo yake lulluɓe gonakin da sassafe.

Sirrin yana cikin ɓawon inabin. Ka san baurin goro, yadda yake ɗaure harshe ya busar da dasashi? Haka sabuwar Barolo take, ga kuma tsami. Wannan baurin ne yake hana ta lalacewa, kuma sai a hankali yake laushi. Shi ya sa dokarsu ta ce sai ta yi wata 38 a ajiye, 18 daga ciki a gangar katako. Wadda ake kira Riserva kuwa, wata 62. Tana tsufa, launinta yana komawa kamar jan bulo, ana jin ƙamshin busasshiyar fure.

A ganina haƙurin manomin ake saya, tun da sama da shekara uku yake jiran kuɗinsa. Barasa ce dai mai bugarwa, ƙarfinta ba ya gaza kashi 13 cikin 100. Da fatan mai tambaya ya gamsu.