Gyara Tsagar Tun Ruwa Bai Zo Ba

Karatu: Matiyu 7:24-27, Luka 13:1-5

A daren 10 ga Satumba 2023 guguwar Daniel ta taso daga Bahar Rum ta zubar da ruwa mai yawa a gabashin Libiya. Madatsun ruwa biyu da ke saman birnin Derna suka fashe cikin dare, mutane suna barci. Ruwa ya biyo kwarin da ya ratsa tsakiyar gari, ya kwashe unguwanni da gadoji ya kai teku. An tabbatar da mutuwar sama da mutum 4,000, wasu dubbai kuma suka ɓace.

Kada ka ce zunubinsu ya fi naka. Ubangiji Yesu ya tsawata wa irin wannan tunani sa'ad da ya yi magana kan mutum goma sha takwas da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa. Ka yi wa mutanen Derna addu'a, sannan ka duba kanka.

An gina madatsun nan a shekarun 1970. Tun 1998 aka ga tsaga a jikinsu. A 2022 wani masani ɗan ƙasar ya yi kashedi a rubuce. An ji, amma ba a gyara ba. Kwarin yakan bushe yawancin shekara, tsagar kuwa ba ta damun kowa muddin babu ruwa.

Haka yake a karatunmu na yau. Magina biyun duk sun ji Maganar, ruwa ɗaya kuma ya bugi gidajensu. Bambancin shi ne ɗaya ya aikata abin da ya ji.

Ina tsagar taka? Gabar da ka ƙi yafewa? Bashin da kake ɓoye wa matarka? Addu'ar asuba da ka daina? Ruhu Mai Tsarki ya sha taɓa maka wurin, kana cewa sai gobe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da rani ake gyaran ɗaki. Je ka nemi sulhu yau, ka tuba yau.

Addu'a: Ya Uba, ka ta'azantar da waɗanda ambaliya ta raba da 'yan'uwansu. Ka nuna mini tsagar da ke cikin rayuwata, ka ba ni ikon gyara ta tun da sauran lokaci, cikin sunan Yesu. Amin.