Auna Ribar Samar da Ruwa Don Buƙatu Da Dama

Akasarin rijiyoyin burtsatse na karkara ana tsara su ne bisa ƙiyasin lita 20 ga kowane mutum a rana, domin sha da girki da tsafta. Sai dai kuma jama'a kan shayar da dabbobi da ruwan, su yi ban-ruwan lambu, su buga tubali. Saboda haka, nazarin da ya taƙaita ga kiwon lafiya ya tauye kimar rijiyar. Wajibi ne manazarci ya ƙididdige kuɗin nono da kayan lambun da aka sayar, da darajar abin da aka ci a gida, da lokacin ɗiban ruwa da ya ragu wa mata, sannan ya cire kuɗin haƙa da gyara. Abin da ya saura shi ke nuna ko al'umma za ta iya riƙe rijiyarta da kanta.